Bututu na Uku

Ina tsakar gida ina wanke kabejin da za mu tsuma da yaji mu yi kimchin hunturu, lasifikar ƙauye ta yi tari sau biyu, shugaban ƙauyenmu Eom ya fara shela. Wai gwamnati za ta tallafa wa tsofaffin gidaje: a liƙa wa bango abin tare sanyi, a canja tagogi, daɓen da bututun ruwan zafinsa ya mutu a fasa a sake, wanda tukunyar ɗumama gidansa ta tsufa har tana ɓarnar kananzir kuma a sa masa sabuwa. Ko safar roba ban cire ba na kama hanyar zauren taro. Ni ce ta farko da ta ba da suna.

Da na dawo na tarar da mijina Deokchil a bakin ɗakin shanu yana yanka ciyawa. Na gaya masa. Ya ajiye lauje ya dube ni kamar na ce masa na sayar da gonar barkono.

"Da izinin wa, Maman Dasom?"

"Da izinin gwiwoyina."

"Mu ba mabarata ba ne. Tukunyata lafiyarta ƙalau."

"Lafiyarta ƙalau? Tukunyar da ta girmi 'yarka? In ta tashi har karen maƙwabta sai ya amsa mata."

"Ba wanda zai taɓa mini tukunya."

"To je ka rungume ta. Suna dai na riga na bayar."

Na ɗauka girman kai ne irin na maza, wanda ba ya son a ga gidansa a jerin masu karɓar taimako. Har tausayinsa na ji. Na zuba masa miya da yawa ranar.

Gidanmu ɗaki uku ne a jere. Tukunyar tana can baya, a wani ɗan akurki da ke jikin ɗakin shanu. Tana cin kananzir ta dafa ruwa, ruwan ya bi ta bututai a ƙarƙashin daɓe, daɓen ya yi zafi, a kai muke ci, a kai muke kwana. Babban ɗaki na Inna ne, uwar mijina, wadda ta haura casa'in, tana kwance ba ta tashi, ni nake juya ta, ni nake wanke ta. Na tsakiya, wanda ke haɗe da kicin, nan muke shimfiɗa ni da shi. Na uku, na ƙurya, shi ne wanda zafi ba ya kaiwa. Da hunturu a can nake ajiye tufa da dankali, ba sa lalacewa.

A ɗakin nan na yi jegon Dasom, shekara talatin da wani abu ke nan. Da kakar shekarar aka sa mana tukunyar, sabuwa fil, ɗakin yana zafi har sai na cire safa. Na tafi asibitin gari na haihu a tsakiyar hunturu, na dawo da jaririya a ƙirji, na taka daɓen na ji shi kamar dutsen rafi. Deokchil ya ce bututun ƙarƙashi ne ya daskare ya mutu, gyaransa sai an fasa daɓen gaba ɗaya, kuma wa zai fasa daɓe a wannan sanyi? Babban ɗaki a lokacin surukina ne a ciki yana jinya. Na tsakiya kuwa hanya ce, ana shiga ana fita, mai jego ba ta zama inda ƙofa ke buɗuwa. Aka rataya igiyar karan shinkafa da gawayi a ƙofar gida, baƙo ba ya shiga sai bayan mako uku, aka rufe ni a ƙurya da barguna uku da kwalbar ruwan zafi. Uwata ta rasu tun ina budurwa, ba ni da gidan da zan je wanka. Da safe nakan ga ƙanƙara ta yi fure a bangon ciki. Na cusa yarinyar cikin rigata, ita ta tsira, ni kuwa iska ta shiga ƙashina, har yau ba ta fita ba. Kafin a yi ruwa gwiwoyina sun sani, kafin ƙanƙara ta sauka yatsuna sun riga sun ƙage.

Ban taɓa ganin laifin kowa ba. Bututu ne ya mutu, wa za ka kama? Kuma in faɗi gaskiya, a duk kwarin nan ba mace mai miji irin nawa. Shi yake murza mini gwiwa da man zafi. Ya sha ɗaukata a babur zuwa wurin mai maganin allurai a gari, ya zauna a benci yana jira. Da tabarmar lantarki ta shigo, ni ce ta farko da aka saya wa. Matan ƙauye har tsiya suke mini a zauren taro, suna kirana da sunan garin da aka haife ni: "'Yar Jeongseon, me kike ba shi ne? Ki sam mana mu ma." Ina dariya ina jin daɗi, ni shashasha.

To ga Dasom da cikin fari, tana aure a birnin Wonju, haihuwa a tsakiyar hunturu kamar yadda na haife ta. Tun tana ƙarama na rantse wa kaina cewa ranar da ta haihu, gida za ta zo, ni zan dafa mata miyar ganyen teku safe da yamma, ni zan yi wa jariri wanka, ta kwanta a daɓe mai zafi ta yi gumi har sanyin haihuwa ya fita. Abin da ban samu ba. Na sayi ganyen tun damina, dogo, ban bari mai shago ya karya shi ba, don ba a karya na mai jego. Amma ta gaya mini a waya ba ɓoye-ɓoye: "Mama, ina son zuwa. Sai dai uwar mijina ta ce jikanta ba zai kwana a ɗakin da bango ke ƙanƙara ba. In an gyara ɗakin, ina nan tafe. In ba a gyara ba, gidan masu jego na kuɗi za su kai ni." Gidan da baƙi za su ba 'yata abinci a faranti, ni kuma in leƙa jikana ta gilashi. Shi ya sa na ruga da safar roba a hannu.

Mai duba gidaje daga ofishin gwamnati ta zo ranar da ƙanƙarar farko ta kwanta a kan duwatsu. Mace ce, Malama Gong, za ta yi arba'in, da jaka a kafaɗa da takalmi irin na masu aikin gini. Eom ne ya rako ta, don shi ba a shiga gidan kowa a ƙauyen nan ba tare da ya sa baki ba. Tun daga ƙofa yake kwarmato.

"Deokchil! Fito ka gabatar da amaryarka. Malama, wannan mutumin ko mai gyara bai taɓa bari ya ga tukunyarsa ba. Kishi yake da ita fiye da matarsa."

"Kai dai baki ya yi maka yawa," in ji mijina. Bai yi dariya ba.

Na kawo musu kofi da gasasshen dankali. Malama Gong ta ce aikinta biyu ne: ta gane wace irin tukunya ce da shekarunta, sannan ta auna nawa ne daga kananzir ɗin da take ci yake zama ɗumi a cikin gida, nawa yake tafiya a banza. Da wannan ofis zai yanke ko mun cancanta. Ta fara da ɗakuna. Ta ƙwanƙwasa bango, ta sa hannu a gefen taga, ta gaishe da Inna da murya mai ƙarfi. Sannan ta fito da wata na'ura mai kamar waya wadda ke ganin zafi, ta haska daɓe. A ɗakin Inna layukan bututu suka fito ja, suna lanƙwasa kamar tsutsa. A na tsakiya ma haka. A na ƙurya, shuɗi tas daga bango zuwa bango.

"Nan ne matsalar," na ce. "Bututun ya mutu tun shekarar da na haihu."

"Ya fashe ne, Mama? Ruwa ya taɓa tsattsafowa?"

"Ko ɗigo."

Ta rubuta wani abu, ta ce a kai ta wurin tukunya.

Deokchil ya ce makullin akurkin ya ɓata. Na ce yana aljihun rigarsa ta aiki, inda yake kullum. Ya harare ni, ya je ya ɗauko. Ni kaina na fi shekara goma ban leƙa wurin ba, ba haske, ga warin kananzir, kuma yakan ce ba wurin mata ba ne. Tukunyar tana tsaye a kusurwa, doguwa, ya shafe ta da koren fenti irin na ƙofar gida, har kan ɗan farantin da ake rubuta suna da shekara.

"Baba, me ya sa ka rufe farantin?"

"Tsatsa."

"Shekararta nawa?"

"Ba ta fi goma sha biyar ba."

"Kai, Baban Dasom, ji ƙarya!" na ce. "Ina da cikin Dasom aka sa ta."

Eom ya bushe da dariya. "Rage mata shekaru yake, kamar mai neman ya aurar da ita."

Malama Gong ba ta kula su ba. Ta durƙusa da tocila, ta buɗe murfin gaba, ta duba bakin wutar, ta shafa gindin. Ta ce ba sai ta kankare fenti ba, ta san irinta: mai tankin ruwa a ciki, maɓallinta na murɗawa ne, kamfanin da ya ƙera ta ma ya daɗe da rufewa. Ta taɓa ganin guda a wani gida, amma waccan kaji ne ke ƙwai a cikinta. Ta ce ta wuce talatin, maganar Mama ce daidai. Ta sa aka kunna, tukunyar ta yi gurnani ta kama, ta cusa wani siririn ƙarfe a bututun hayaƙi tana duban lambobi.

"Kusan rabin kananzir ɗinku sama yake tafiya," ta ce. "Ta tsufa. Ta wannan fannin kun cancanta, ba shakka."

Na ji kamar in rungume ta. Har na fara lissafin inda zan shimfiɗa wa Dasom, kai wajen bango ko wajen ƙofa.

Amma ba ta miƙe ba. Ta juya tocilar zuwa inda ruwan zafi ke rabuwa, bututu uku a jere, kowanne da bawul ɗinsa. Ta taɓa na farko, ta taɓa na biyu, ta taɓa na uku ta janye hannu da sauri.

"Wannan na ukun ai da zafi. Ɗaki biyu ne ke ɗumi, bututu uku ke aiki. Ina wannan yake zuwa?"

Mijina ya ce, "Haka yake. Tsohon haɗi ne."

Ta bi shi da hasken. Ni ma na matso, na bi da ido. Biyun farko sun nutse cikin ƙasa sun nufi gida. Na ukun an yanke shi, an ɗaura masa wani baƙin tiyo da waya, ya juya hagu ya huda bango ya shiga ɗakin shanu. Malama Gong ta sa hannu bayan tukunyar ta jawo wani tsohon buhu. A ƙarƙashinsa ga bakin bututu biyu sun leƙo daga ƙasa, an toshe su da guntun itace da tsumma.

Kafin kowa ya yi magana Eom ya tafa hannu.

"Af! Ai wannan ita ce dabarar Deokchil! Malama, zo ki ga abin mamaki." Ya ja ta zuwa ɗakin shanu, na bi su. Ya shiga lungun da ake keɓe maraƙi, ya share dusar katako da ƙafa, siminti ya fito. "Taɓa ki ji. Daɓe mai zafi na maraƙi! Shekarar nan da aka yi mugun sanyi, maruƙa suna mutuwa kamar ƙudaje, nawa biyu suka tafi, shi nasa ko tari bai yi ba. Duk mazan ƙauyen nan sai da muka zo kallo. Ya ce kada mu yi ta yaɗawa, wai kada mata su ce ana ƙona kananzir saboda dabba. Shekarar ce ma aka haifi..."

Ya tsaya. Ya dube ni. Bakinsa ya zauna a buɗe.

Na durƙusa, duk da gwiwa, na ɗora tafin hannu a simintin. Zafi ne mai kyau, mai shiga jiki, irin wanda ake so wa mai jego. Na sha shiga ɗakin nan ina jin ɗumi a lungun, na taɓa tambaya ma, ya ce ai bangon tukunya ne ke ba da shi. Saniyar tana tsaye da cikinta ƙato tana tuƙa, tana kallona.

Muka koma akurki. Malama Gong ta ce bari ta gwada abu ɗaya. Ta cire itacen, ta haɗa ɗan famfon iska a bakin bututun ɗaya, ta toshe ɗayan, ta buga, ta zuba wa allurar ido. Allurar ba ta motsa ba.

"Mama," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "bututun ɗakinki ba abin da ya same shi. Ba fashewa, ba toshewa. Cire shi kawai aka yi."

"Sai an fasa daɓe?"

"A'a. A wanke shi, a mayar, a fitar da iska. Mai sifana zai gama kafin ki dafa shinkafa."

Ta ce za ta rubuta cewa gidan ya cancanci sabuwar tukunya da abin bango, amma tiyon ɗakin shanu dole a cire shi, tallafin na mazaunin mutane ne. Masu aikin kuma ba za su iso ƙauyenmu ba sai ƙanƙara ta narke. Ta tattara kayanta ta rusuna ta fita, ko sauran kofinta ba ta sha ba. Eom ya bi ta da sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "'Yar Jeongseon, na rantse ban san daga ɗakinki ya..." Na ce masa ya gaida gida.

Ya rage ni da Deokchil a tsakar gida. Ya ɗauki tsintsiya ya fara share ƙanƙarar da ba ta kai a share ba.

"Ajiye tsintsiyar nan."

Ya ajiye.

"Ina kwance a asibiti ka yi wannan aikin?"

"Saniyar ta haihu kwana ɗaya bayan tafiyarki. Ita ke nan gare mu, Maman Dasom, kin sani. Maraƙin yana rawar sanyi, ya kasa tsayawa. Tukunyar ba za ta iya huɗu ba. Ɗakin Baba ba ya taɓuwa, na tsakiya Inna ce a ciki. Na ce ke mutum ce, kina da bargo, kina da baki, in kin ji sanyi za ki faɗa."

"Na faɗa! Kullum sai na faɗa! Kana shigowa da kwalbar ruwan zafi kana ce mini sannu!"

"Na ɗauka mako biyu ne, maraƙin ya yi ƙwari in mayar."

"Me ya hana?"

Ya dubi ƙasa.

"Da kai nake. Bazara ta zo, ta wuce. An sayar da maraƙin. Baba ya rasu. Dasom ta yi makaranta tana karatu a ɗakin nan da safar hannu. Me ya hana ka mayar?"

"Da na mayar, da kin gane bai mutu ba."

Wannan maganar ita ta kashe ni. Da ya ce mantuwa ce, da ya ce talauci ne, ko ya ɗora wa Inna da ba ta iya kare kanta yanzu, da na san inda zan ajiye abin. Amma yana sane. Kowace shekara yana sane. Duk lokacin da ya zauna yana murza mini gwiwa, ya san abin da ya same ta, ya san sifana tana rataye a ƙusa. Ya gwammace in yi ta ciwo ina gode masa da in ji ɗumi in san abin da ya yi. Na tuna yadda nake yabonsa a gaban mata, mazajensu kuwa duk sun shiga sun taɓa simintin nan. Kunya da baƙin ciki suka taso mini tare.

"Zan mayar," ya ce. "Na ji, zan mayar. Dasom ta zo."

Na rantse a wannan lokacin, da ya tsaya a nan, da wataƙila na haɗiye. Mace mai shekaruna ta haɗiye abubuwa da yawa. Amma ya sosa ƙeya ya dubi ɗakin shanu.

"Sai dai ita ma saniyar nan a watan za ta haihu. Da za a bar shi zuwa lokacin, ko mako biyu, sai in..."

Na dube shi sosai, ko wasa yake. Ba wasa yake ba. Fuskarsa irin ta mai neman shawara ce, kamar yadda yake tambayata ko a shuka barkono a gonar sama.

Na shiga ɗaki na ɗauko waya, na dawo na tsaya a gabansa na kira Dasom.

"Mama! Sun zo? Me suka ce?"

"Sun ce mun cancanta. Amma aikin sai bazara."

"Wayyo. To shi ke nan, sai gidan masu jegon."

"Ba inda za ki. Ki ce wa mijinki ya gyara mini ɗan ɗakin nan da kuke ajiye kaya. Ni zan zo."

"Kaka fa? Wa zai kula da ita?"

"Tana da ɗa."

Ta yi dariya, ta ɗauka raha ce. Da ta gane da gaske nake, sai murna. Kafin ta ajiye ta ce, "Ki gaida Baba. Ki ce masa kada ya damu, ba laifinsa ba ne ɗakin ya lalace." Yana tsaye yana ji. Ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba. Mai ciki ce, kuma ubanta ne.

Washegari da hantsi ina ɗaure kaya na ji ƙarar ƙarfe a akurki. Ban leƙa ba. Na dafa wa Inna kunun shinkafa na ba ta, na goge mata baki, na canja mata shimfiɗa. Ban gama wanke kwanon ba ya shigo, hannunsa duk baƙin mai.

"Zo ki ji."

Na bi shi ɗakin ƙurya. Ya riga ya kwashe tufa da dankalin ya kai waje, ya goge daɓen. Na cire silifa na taka. Da farko ba komai. Sai na ji shi yana tasowa ta tafin ƙafa, a hankali, daga wajen ƙofa yana tafiya ƙurya. Na zauna a ƙasa, na miƙe ƙafafu, gwiwoyina suka kwanta a kan zafin. A daidai wurin nan na kwana da yarinya a cikin riga ina jin haƙorana suna haɗuwa. Kuka ya zo mini, irin wanda ba ya tambayar izini, na yi shi da ƙarfi har Inna ta yi kira daga ɗakinta.

Ya tsuguna a bakin ƙofa. "Kin ji ko? Yana zafi. Ki kira ta ki ce ta zo. Na cire tiyon gaba ɗaya, ga shi can a waje, je ki gani."

Ina son in kira ta. Abin da na yi shekara talatin ina so ke nan, ga shi a ƙarƙashina. Amma na ga kaina ina tashi kowane lokaci ina shafa daɓe ko an ɗauke zafin, ina kasa kunne ko saniya ta fara naƙuda, ina bin sawunsa in ya nufi bayan gida. Ba zan kwantar da 'yata a ɗakin da sai na yi gadinsa daga ubanta ba. Ya hana ni ɗakin nan sau ɗaya da ƙarya, yanzu kuma ya gyara shi ya sake hana ni.

Na share fuska na miƙe. Na nuna masa inda ƙyallen Inna suke, da yadda ake juya ta ta gefen hagu don kafaɗar dama tana mata ciwo, da cewa ba ta haɗiye kunu in ya yi kauri. Yana ta gyaɗa kai, na san rabi bai shiga ba. Na shiga na riƙe hannun Inna na ce zan je jegon Dasom. Ta ce in rufe ƙofa, iska na shigowa.

Ya ɗaukar mini jaka zuwa bakin hanya. Ganyen tekun ni na riƙe shi a tsaye don kada ya karye. Muka tsaya har motar gari ta ɓullo daga kwanar gada.

"Yaushe za ki dawo?"

"Ban sani ba."

"To ɗakin fa? In bar shi a kunne?"

"Wa zai kwana a ciki?" na ce.

Motar ta tsaya, na hau da ƙyar, direba ya jira ni har na zauna.